Ƙarar birkin gaba a 504 ɗin mahaifinmu ta hana ni sukuni

Ɗan Gwammaja:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawara nake nema a kan motar da mahaifinmu ya bari, Allah ya jiƙansa. Peugeot 504 ce haɗin Kaduna, ya saye ta sabuwa fil a 1984, kuma da ita ya riƙa kai mu makaranta mu bakwai. Da aka zo rabon gado ni na roƙi 'yan'uwana a sa mini ita a kasona.

Wata biyu ke nan da na kai ta aka canza fad ɗin birkin gaba. Tun daga ranar, da na shiga gargada sai ƙafar gaba ta kama ƙwaram-ƙwaram, kamar an zuba cokula a kwanon silba ana girgizawa. An fi jin ta a ɓangaren direba. A titin Zariya inda kwalta take sumul, shiru kake ji, amma a lungunmu har yara suna waiwaye. Abin da na lura da shi: in na ɗan ɗora ƙafa a birki sai ƙarar ta ɗauke ɗif, ina ɗagawa ta dawo. Birkin yana kamawa, motar kuma ba ta ja gefe.

Yaron da ya yi aikin ya ce shokozoba ce. Wani kuma ya ce a ɗaure kalifar, wato ƙarfen da ke matse fad a jikin faifan birki, da waya, ko a cusa robar tif a tsakani. Hankalina bai kwanta ba, don a cikinta nake kai Hajiyarmu ganin likita duk sati biyu. Me kuka gani?

Tsohon Bakanike, Kofar Ruwa:
Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya gafarta wa mahaifinka. Ai ka riga ka gano ciwon da ƙafarka. Shokozoba ba ruwanta da taka birki, in ta mutu ko ka taka ko ba ka taka ba za ta yi ta bugawa. Ƙarar da ke ɗaukewa da an taɓa birki, wani abu ne yake rawa a cikin kalifa, fistin yana matse shi sai ya nutsu.

Abu na farko da nake zargi shi ne 'yan sifirin ɗin da ke danne fad. Wasu 'yan siraran wayoyi ne masu lanƙwasa, ba su kai tsawon yatsa ba, aikinsu kawai su hana fad tsalle a mazauninsa. Yaran yanzu suna raina su. In sun zo mayarwa suka ga suna ba su wahala, sai su wurgar a ƙasa su ce ai birki zai kama. Zai kama ɗin, amma fad ya zama ba mai riƙe shi. Sau da yawa a ƙarƙashin benci nake tsintar su bayan mai mota ya tafi, in bi yaro da faɗa.

Ga yadda za ka gane. A ɗaga ta da jak a sa mata abin tokara mai ƙarfi, kada kowa ya shiga jikinta tana kan jak kaɗai. Kafin a cire taya, ka kama ta sama da ƙasa ka girgiza. In ta yi ƙwal-ƙwal, ka sa wani ya danne birki ka sake: in motsin ya ɓace boris ne, in yana nan to a duba bol-join. Sannan a cire tayar, ka sa yatsa ka taɓa fad. Lafiyayye ba ya wasa sama da ƙasa. Ka kama kalifar ita ma ka jijjiga. Irin mai zamewa dole ta ɗan motsa ciki da waje, haka aka yi ta, amma kada ta yi lilo. In tana lilo, mazamin ya cinye, ko kuma notin da ya kama gindinta da ƙafar mota ya saki. Wannan na ƙarshen shi ne abin tsoro, shi za ka fara dubawa yau, kafin ka sake ɗaukar Hajiya.

Maganar waya da robar tif kuwa, ka bar ta. Faifan birki yana yin zafin da ba ka iya taɓa shi, robar za ta narke ta shafe fad. Waya kuma hana kalifa zamewa za ta yi, fad ɗaya ya riƙa ci ɗaya yana hutu.

Baba Direba, Kurna:
Shekara goma sha tara na yi ina jan wagon 504 tsakanin Kano da Jos. Abin da Oga ya faɗa haka yake. Zan ƙara abu ɗaya: kada ka yarda a kai ta wajen mai walda a ce za a cike inda ya cinye. Na taɓa yarda, ƙara ta tafi, amma a gangaren da ke bayan Saminaka kalifa ta maƙale, taya ta kama hayaƙi, fasinjoji suna salati. Allah ne ya kiyaye. In ƙarfe ya cinye a nemo wani.

Mai Kayan Peugeot, Sabon Gari:
Yallaɓai, inda mutane suke faɗawa shi ne wajen saye. 504 ta daɗe ana yin ta, daga 1968 a Faransa, a Kaduna kuma aka ci gaba da haɗa ta shekaru da yawa bayan Turawa sun daina. Don haka kalifarta ba iri ɗaya ba ce, akwai Girling akwai Bendix, kuma fad da sifirin ɗin wannan ba sa zama a waccan. Motar da ta shekara arba'in a hannu ma ba mamaki an taɓa canza mata. Sai ka ga an sayo fad da ya ɗan gaza mazauninsa, ya shiga salin-alin, amma yana yawo a ciki. Ka goge jikin kalifar da burushin ƙarfe ka karanta sunan, ko ka zo da tsohon fad a hannu a gwada baki da baki. Ko a France Road ko a Kofar Ruwa za a samu, sai dai ka dage a ba ka da 'yan sifirin ɗinsa, ba fad tsirara ba.

Ɗan Hotoro:
Ni dai da ni ne, cire kalifofin zan yi gaba ɗaya in sa na wata motar zamani in huta.

Tsohon Bakanike, Kofar Ruwa:
A'a ɗana. Girman fistin ɗin kalifa da na masta, wato famfon da ke tura man birki in an taka, tare aka auna su, in ka sauya ɗaya sai birki ya yi laushi ko gaba ta riƙa kullewa kafin baya. Abin da 'yar waya za ta gyara ba a yi masa wannan tiyatar.

Ɗan Gwammaja:
Na gode ƙwarai Baba. Yanzu na dawo daga duba ta. Notocin a ɗaure suke tam, taya ba ta motsi. Bendix aka rubuta a jiki. Ɓangaren fasinja da sifirin ɗinsa, na direba babu ko ɗaya, fad ɗin har ƙara yake in na taɓa shi da yatsa. Tambayata, in za a mayar, da wane giris za a shafa? Yaron ya ce na boris ma ya isa.

Tsohon Bakanike, Kofar Ruwa:
Kada ya kusanci robar birki da giris ɗin boris, kumbura ta yake yi. Na silikon za ka nema, ko jan nan na roba. A kankare tsatsar mazamin tas, a shafa kaɗan, kamar yadda ake shafa kwalli, kuma ko ɗigo kada ya taɓa fuskar fad ko faifai. Ka sayi sifirin na ƙafa biyu, a canza har na ɗaya ɓangaren, don shi ma ya gaji. In an cire kalifa a rataye ta da igiya, kada a bar ta tana reto a jikin tiyon mai. Ka duba tiyon ma, in ya tsattsage ya tafi. Kuma ka tsaya a kansa har ya gama. Kafin ka motsa motar ka taka birki sau biyar ko shida har ya yi tauri, ka leƙa man birki, in ya ragu a cika da DOT 4 daga sabuwar gora.

Ɗan Gwammaja:
Alhamdu lillahi, jiya Asabar aka yi. Na samo sifirin a Kofar Ruwa bayan na shiga shago huɗu. Da muka gwada sai ga shi fad ɗin da aka sa mini ma ya gaza mazauninsa kaɗan, kamar yadda yallaɓai na Sabon Gari ya faɗa, don haka na canza duka. A gabana aka ɗaura, Baba, ban matsa ko nan da can ba. Na bi lungunmu sau uku, na haura tudun rage gudun da ke bakin masallaci, ban ji komai ba sai injin. Da safe na kai Hajiya gaisuwa Fagge, muna tafe ta ce yau motar Malam ta dawo da muryarta. Allah ya saka muku da alheri. Tiyon ɓangaren direba ya fara tsagewa, shi za a canza ranar Laraba in sha Allah.