Baƙo zai iya kayar da mai masauki? Tambaya kan Proxmox

MaiKafe_Jos:
Salamu alaikum masana. Ina da saba (babbar kwamfuta) ɗaya a shagona, na ɗora mata manhajar Proxmox na yayyanka ta zuwa ƙananan kwamfutoci na cikin manhaja, ina ba ɗalibai haya suna gwaje-gwajensu. To shekaranjiya gaba ɗayanta ta sandare, kuma ba wuta aka ɗauke ba, sai da na kashe na kunna. Yaron shagona ya dage wai wani ɗalibi ne ya jawo. Ni dai a sanina kowa na cikin ɗakinsa, in ya yi ɓarna kansa ya yi wa. Shin baƙo, wato ɗaya daga cikin ƙananan kwamfutocin nan, na iya kayar da mai masaukinsa, wato sabar kanta?

Injiniya_Wuse:
Wa alaikumus salam Alhaji. Wallahi yana yiwuwa, an sha gani. A 2015 kamfanin CrowdStrike ya tono wata kafa da aka sa wa suna VENOM a QEMU, manhajar da ke kwaikwayon sassan kwamfuta ga baƙi, kuma abin dariyar a ɓangaren fulofi (faifan ajiya na da) take, fulofin nan da yaran yanzu ba su ma taɓa riƙewa ba, tun 2004 kuskuren ke kwance ba wanda ya lura. Baƙon da ke da cikakken iko a tasa kwamfutar sai ya yi ta tura wa fulofin bogin umarni har ya cika ya tumbatsa, daga nan ko ya faɗar da manhajar ko ma ya tsallako waje. Ta shafi Xen da KVM da VirtualBox, manhajojin da ke wannan aikin na yayyanka kwamfuta, shi kuma Proxmox ɗinka ai KVM da QEMU ne a cikinsa. An daɗe da yi mata faci dai, amma irinta ba su ƙare ba.

Ummu_Rayfield:
Ni fa gaskiya ban yarda a fara zargin ɗan mutane ba. Baba ram (ma'ajin wucin gadi da kwamfuta ke aiki da shi) nawa sabar ke da shi, nawa ka raba musu? Yawancin masu shago in suna da gigabait 32 sai su raba 60 suna fatan ba za a taru lokaci guda ba. Ga kuma ƙurar hunturu da ke toshe fanka. A duba bayanan da sabar ta rubuta kafin ta tsaya tukuna.

Injiniya_Wuse:
Hajiya kin yi gaskiya, nan ya kamata a fara. Amma sandarewar da ya faɗa ce ta tuna min wata kafar da aka bayyana a 2019, wannan ma a firosesan Intel, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar kanta, matsalar take, baƙo na iya rikita ta har injin gaba ɗaya ya tsaya cak, kanel ɗin Linux, wato zuciyar manhajar da Proxmox ke tafiya a kai, shi aka gyara ya rinƙa karewa. Kuma Alhaji sauke sabuntawa kaɗai ba ya isa, sai ka sake kunna sabar, baƙin ma a kashe su ɗungurungum a tayar, in ba haka ba tsohuwar manhajar ce ke ci gaba da aiki. Ko Amazon a 2014 sai da ta sake kunna kusan kashi 10 cikin 100 na kwamfutocin hayarta saboda wata kafa a Xen.

MaiKafe_Jos:
Allah ya saka da alheri. Ram 64 ne, zan lissafa abin da na raba in dawo. Injiniya in na sabunta daren Asabar fayilolin yaran ba za su taɓu ba ko? Akwai masu furojet a ciki.