Muhawara: Shin ofisoshin lauyoyi sun zama 'yan kwangilar bankuna?

Lauya mai duba yarjejeniyoyi, Abuja:
Assalamu alaikum, manyanmu da abokan aiki. Aikina a ofishinmu shi ne karanta sharuɗɗan da bankuna da manyan kamfanoni ke aiko mana kafin su ba mu aiki, in nuna wa masu ofis inda haɗari yake. A makon nan wani banki ya aiko da takarda mai cewa za mu ɗauki alhakin duk asarar da ta same shi dangane da aikin ko da babu sakaci daga wajenmu, ba za mu karɓi aikin duk wanda ke jayayya da shi ko da wani kamfaninsa ba, kuma ma'aikatansa suna da ikon shigowa su binciki kwamfutocinmu duk sa'ar da suka ga dama. Na rubuta cewa kwamfutocin nan na ɗauke da sirrin wasu mutanen da muke wakilta, wanda ka'ida ta 19 ta Ka'idojin Ɗa'ar Aikin Lauya ta wajabta mana kiyayewa, kuma inshorar sana'a galibi tana biyan ɓarnar sakaci ne, ba ta biyan nauyin da ofis ya ɗora wa kansa ta hanyar yarjejeniya. Kafin bayanin nawa ya kai teburin maigida an riga an sa hannu. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Ra'ayina shi ne duk babban ofis ya ba mai duba sharuɗɗa ikon dakatar da sa hannu, domin wanda ke amincewa da irin wannan takarda ba tare da gardama ba ya koma ɗan kwangila.

Dattijon lauya, Kano:
Wa alaikumus salam. 'Yata, na ji kukanki, amma ki janye wannan kalma. Ɗan kwangila shi ne wanda ke bin ma'aikatu yana neman a ba shi aikin kwalbati ko sayen kujeru, ya ci ribarsa ya tafi. Lauya jami'in kotu ne, kuma ka'ida ta 7 ma ta hana shi haɗa aikin lauya da saye da sayarwa ko dillanci. Ba daidai ba ne ki tsaya a gaban jama'a ki kira waɗanda suka ba ki aiki da wannan suna.

Matashin lauya, Kaduna:
Ranka ya daɗe, tare da girmamawa, ban ga aibin kalmar ba. Bankuna suna buɗe rajistar lauyoyi, ofisoshi su cika fom, su kai takardar shaidar biyan haraji da ta rajistar kamfani, su jira a zaɓe su, sannan su yi watanni suna bin kuɗinsu. Ta wannan hanyar ce mai kawo wa bankin takarda da tawada yake bi. Idan ana bi da mu yadda ake bi da ɗan kwangila, faɗar hakan ba zagi ba ne.

Dattijon lauya, Kano:
Wace shekara aka rantsar da kai, ɗana? Ina tambaya ne domin waɗanda suka daɗe a gaban alƙalai sun san cewa Kotun Ƙoli ta yanke tun 2007, a shari'ar Okafor da Nweke, cewa takardar kotu da aka sa wa hannu da sunan ofis ba ta da inganci, sai da sunan mutumin da ke cikin rajistar lauyoyi. Mutum ne lauya, ba ofis ba. Rajistar banki ba ta rage darajar sunan da ke rajistar Kotun Ƙoli.

Matashin lauya, Kaduna:
Shekarar rantsuwata ba ta canza abin da na gani da idona ba, ranka ya daɗe. Duk lokacin da ƙarami ya kawo hujja a wannan zaure, sai a tambaye shi shekarunsa maimakon a amsa masa.

Lauya mai duba yarjejeniyoyi, Abuja:
Don Allah a dawo kan maganar. Na kawo sharuɗɗa uku, babu wanda ya taɓa ko ɗaya daga cikinsu. Sashe na 9 na Dokar Lauyoyi ya ce duk sharaɗin da zai rage ko ya soke alhakin lauya kan sakacinsa ɓatacce ne, sai dai idan aikin kyauta ya yi. Ke nan doka ta riga ta kare banki, ba mu da ikon sa iyaka ga abin da za mu biya idan muka yi sakaci. Me ya sa za mu ƙara wa kanmu nauyin asarar da ba mu jawo ba?

Lauyan kamfanin sadarwa, Legas:
'Yar'uwa, ni ina ɗaya ɓangaren, mu ne muke rubuta irin waɗannan sharuɗɗa, kuma ba mugunta ce ta kawo su ba. A 2016 takardu kimanin miliyan 11.5 suka fita daga ofishin lauyoyi na Mossack Fonseca a Panama, sirrin mutanen duniya ya watsu, ofishin kuma ya rufe a 2018. A 2017 harin kwamfuta ya tsayar da aikin DLA Piper, ɗaya daga cikin manyan ofisoshin duniya. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ba mu sa'o'i 72 mu sanar da hukuma idan bayanan mutane suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da su, to yaya za mu miƙa wa ofis bayanan abokan cinikinmu ba mu san yadda yake ajiye su ba? Game da kalmar kuwa, a littafin akantanmu duk wanda muke biya kuɗin aiki layi ɗaya yake.

Lauya mai zuwa kotu, Zariya:
Kun ji ko? Ga shi da bakinsa ya ce layi ɗaya muke da mai gyaran janareta. Wannan raini ne, kuma lauyoyin albashi ne suka jawo shi. Wanda ka'ida ta 8 ta hana shi tsayawa a kotu ya kare kamfanin da ke biyansa albashi, shi ne yau yake gindaya wa masu tsayawa sharuɗɗa.

Lauyan kamfanin sadarwa, Legas:
Barista, makarantar horon lauyoyi ɗaya muka yi, rantsuwa ɗaya aka yi mana. Yarjejeniyar da na rubuta da kyau ita ce ke hana ƙarar da ke za ki shekara biyar kina zarya a kanta. Ban kuma ambaci mai gyaran janareta ba, ke kika kawo shi.

Lauya mai zuwa kotu, Zariya:
Idan yarjejeniyoyinku na hana ƙara, me ya cika kotuna da shari'un bashin bankuna? Kuma ku mutanen Legas da Abuja kuna magana kamar kowane ofis yana da lauya hamsin. Yawancin ofisoshinmu a nan mutum biyu ne ko uku da sakatare. Ko umarnin kuɗin aikin lauya na 2023 ya raba jihohi rukuni uku, ya sa Legas da Abuja a sama, saboda ya san ba ɗaya muke ba. Wa zai ɗauki lauya guda ya biya shi albashi don karanta takardar banki kawai?

Lauya mai duba yarjejeniyoyi, Abuja:
An bar jaki ana dukan taiki. Na ce babban ofis, ban ce kowane ofis ba. A Ingila hukumar da ke kula da lauyoyi ta wajabta wa kowane ofis naɗa jami'in da ke da alhakin tabbatar da bin ka'ida, kuma a ƙaramin ofis maigidan ne da kansa yake riƙe muƙamin. Abin da nake nema shi ne a karanta kafin a sa hannu, a tambayi kamfanin inshora ko zai biya, a kuma taƙaita sharaɗin hana karɓar aiki ga batun da aka ba mu kaɗai.

Dattijon lauya, Kano:
Duk wannan za a saurare shi bayan kin janye kalmar, 'yata.

Mai kula da zaure:
Za mu rufe nan, ga taƙaitawa. 'Yar'uwarmu ta Abuja ta kawo ƙorafi kan ofishinta, ta kuma yi amfani da kalmar da mafi yawan waɗanda suka yi magana suka ga ba ta dace da martabar sana'armu ba. Babanmu na Kano ya kafa hujja da hukuncin Kotun Ƙoli da ka'ida ta 7 cewa lauya ba ɗan kwangila ba ne, kuma babu wanda ya iya rushe hujjar. Barista ta Zariya ta tunatar da mu halin da ƙananan ofisoshi ke ciki, wanda ni ma a ciki nake. An ji ra'ayin ɗan'uwanmu na Legas. Ina roƙon matasa su riƙa tauna magana idan manya suna zaure. Wanda ke son ci gaba da batun sharuɗɗan banki ya tuntuɓi 'yar'uwarmu kai tsaye, gobe kuma za mu ɗauko batun kuɗin rajistar aiki na shekara, wanda wa'adin biyansa ke cika ranar 31 ga Maris.