Wane kwanan wata ya kamata injin bincike ya nuna a sakamakonsa?

Bakatsine:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina kula da wani ƙaramin injin bincike da ke tattaro labarai da sanarwar ɗaukar aiki daga shafukan intanet, wasu manhajoji kuma suna karɓar sakamakonsa a tsarin JSON (wata hanyar tsara bayanai da manhajoji ke iya karantawa). Masu amfani da shi sun roƙi a riƙa nuna musu lokacin da aka sabunta kowane shafi, domin sanarwar da wa'adinta ya daɗe da wucewa tana fitowa tamkar ta yau. Shin in dogara da Last-Modified, wato lokacin gyara na ƙarshe da sabar shafin (kwamfutar da ke ɗauke da shi) ke turowa, ko kuwa in rubuta lokacin da manhajata ta ziyarci shafin?

Ɗan Damagaram:
Wa alaikumus salam, Malam. Lokuta uku ne a nan, kuma haɗa su a gurbi ɗaya shi ne zai ɓatar da mutane: ranar da aka fara wallafa shafin, ranar da aka gyara shi, da ranar da manhajarka ta kwaso shi. Na ukun kaɗai ne kake da yaƙini a kansa, tunda agogonka ne ya rubuta shi.

Last-Modified ba abin dogaro ba ne shi kaɗai, saboda shafuka da yawa ana harhaɗa su ne a daidai lokacin da aka buƙace su, don haka ko dai sabar ta ƙi turo komai, ko ta turo lokacin da kake tambayar. Haka nan lastmod na taswirar shafi (fayil mai jera shafuka domin injunan bincike) da dateModified na schema.org (tsarin bayyana wa injunan bincike abin da shafi ya ƙunsa), waɗanda su ma lokacin gyara suke nunawa, mai shafin ne yake rubuta su, kuma akwai masu sauya kwanan watan ba tare da sun taɓa ko harafi ɗaya ba, don kawai a ɗauka labarin sabo ne. Google ma ya bayyana cewa yana amfani da lastmod ne idan ya tabbatar ana rubuta shi daidai a kai a kai.

Shawarata ita ce ka ware wa kowane lokaci gurbinsa, wanda ba ka sani ba ka bar shi fanko. Sannan ka cire tallace-tallace da jerin mahaɗai, ka kwatanta gundarin rubutun da wanda ka ajiye a baya. Idan ya bambanta, to lallai an yi gyara tsakanin ziyarorin biyu.

Malama daga Kumasi:
Ina goyon bayan wannan, sai dai a kula da yadda za a rubuta lokacin. Idan ka turo 03/04/2025, mutumin Amurka zai karanta 4 ga Maris, mu kuwa 3 ga Afrilu. Ka bi tsarin rubuta kwanan wata na ƙasa da ƙasa, ISO 8601, bisa agogon bai-ɗaya na duniya, UTC, kamar 2025-04-03T09:30:00Z, ka bar wa manhajar mai karatu ta juya shi zuwa agogon garinsa, tunda Najeriya da Nijar suna gaban Ghana da awa ɗaya.

Bakatsine:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Zan ware guraben uku, kuma idan na sake ziyara da If-Modified-Since (tambayar ko an gyara shafin tun wani lokaci) sabar ta amsa da 304, wato ba a gyara ba, zan sauya lokacin dubawa kaɗai, in bar lokacin gyara yadda yake.