Ido na zubar da ruwa, an ce ya bushe: wane suna za mu ba shi?

Jama'a, ku zo mu yi shawara kan wata kalma. Sati biyu bayan an yi wa gwaggona aikin yanar ido, gani ya washe, amma ta ce kamar an watsa mata yashi. Da yamma ido ya yi ja, yana zafi, hankici kullum a jiƙe. Muka koma, likita ya duba, ya ce da Turanci dry eye ne. Ni kuwa na juya na ce, "Gwaggo, wai bushewar ido ke damunki."

Ta dube ni da idon mai lafiyar ta ce, "Ɗan nan, a shekaruna? Ni ce mai bushewar ido?"

Sai a lokacin na tuna cewa a bakinmu wanda idonsa ya bushe marar kunya ne. Ga kuma matsala ta biyu: ta yaya za ka ce wa mai share hawaye idonta a bushe yake?

Kafin a raɗa suna, a san jaririn. Hawayen da ke rufe ido hawa uku ne: majina mai kama ƙwayar ido, ruwa a tsakiya, sai maiƙo a sama, wanda ke fitowa daga ƙananan ƙofofi a gefen fatar ido, yana hana ruwan bin iska. Wajen cire yana, ana tsaga gefen baƙin ido kamar milimita 2 zuwa 3, kuma tsagar na yanke siraran jijiyoyin da ke sanar da ido cewa lokacin ƙiftawa ya yi. Ƙara da hasken na'urar aiki, da sinadarin hana lalacewa da ke cikin wasu magungunan ɗigawa. Sai shimfiɗar hawayen ta riƙa yagewa da wuri. Likitoci na ɗiga wani rini su ƙirga. Idan ta yage kafin daƙiƙa 10, akwai matsala. Ido ya ji raɗaɗi, sai ya ɓaro ruwa tsararo marar maiƙo, wanda ba ya zama. Ga yawancin mutane abin na lafawa cikin wata 1 zuwa 3.

Wata 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya ta ce a kira shi ƙarancin hawaye. Gwaggo za ta nuna mata hankicinta.

Wani malamina ya kawo ƙishirwar ido, kuma wallahi ta yi mini daɗi a kunne. Na kwana ina juya ta. Amma, Malam, a yi mini afuwa: ka ce wa mutum idonsa na jin ƙishirwa, ruwa zai ɗebo ya watsa masa, alhali shi ne abin da aka hana wanda aka yi wa aiki kwanan nan.

Ƙafewar hawaye ta dace da masu cutar da likitan ido ɗan Siwidin, Henrik Sjögren, ya yi bayaninta a 1933, inda maɓuɓɓugar hawayen ce kanta ke ja baya. Mu bar musu ita.

Ni dai na tsaya kan tsinkewar hawaye. Abu mai kauri idan ya koma ruwa-ruwa, mukan ce ya tsinke. Zare ma tsinkewa yake yi, kamar yadda shimfiɗar nan ke yagewa. Kuma mukan ce hawaye ya tsinke wa mutum idan ya ɓalle da zuba. Na san wani zai ce ta fi kama da kuka. Ina sauraren wanda ke da wadda ta fi ta.

Jiya ina ɗiga wa gwaggo hawayen kwalba, wato maganin ɗigawa mai jiƙa ido, na gwada mata kalmar. Ta rufe ido, ta ce, "To, wannan na ji. Ɗiga wa ɗayan ma."