Ina son fara tara tsofaffin sulalla: ta ina zan faro?

Sabon-shiga:

Assalamu alaikum. Bayan rasuwar kakanmu mun sami wani gwangwani a ƙasan adakarsa cike da anini da kwabo mai huji da sulalla na zamanin Turawa, kuma tun daga ranar sha'awar tsofaffin kuɗi ta shige ni. Da na shiga bincike sai na tarar ashe ana sayar da kuɗaɗen Rumawa da Girkawa da suka haura shekara 1,500, wasunsu ma a farashin da bai fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci ba, abin da ya sa na fara zargin ko duk jabu ne. Ina roƙon waɗanda suka riga ni a wannan harka su nuna mini ta inda zan faro, da yadda ake bambance na gaske da na jabu.

Tsohon Malamin Tarihi:

Wa alaikumus salam, ɗana, Allah Ya jiƙan kakanku. Arahar da ka gani ba lalle ba ne ta zama alamar jabu, domin a ƙarni na 4 Daular Rum ta buga kuɗin tagulla masu ɗimbin yawa a garuruwa da dama, kuma har yau ana tono su tukunya-tukunya. Saboda haka nake ba ka shawarar ka fara da tagullar zamanin Sarki Kwanstantin, wanda ya yi mulki daga 306 zuwa 337, da ta 'ya'yansa. Akwai wadda aka fi samu, mai hoton sojoji biyu tsaye riƙe da masu, tuta a tsakaninsu, an rubuta GLORIA EXERCITVS a kewaye. Idan ka dubi ƙasan ƙafafun sojojin za ka ga wasu 'yan haruffa da ke nuna garin da aka buga ta: CONS na nufin Kustantiniyya, wato Istanbul ta yau, SMAL kuma Iskandariyya ta Masar. Ƙungiyar masana tsofaffin kuɗi ta Amurka tana da rumbu kyauta a intanet mai suna OCRE, inda za ka kwatanta taka da waɗanda ke gidajen tarihi. Ka kyale azurfar birnin Atina na Girka mai hoton mujiya tukuna, domin tana da tsada kuma 'yan jabu sun fi yi mata rubdugu.

Mai Sikeli:

Da izinin Malam, ni ina ganin duk wanda ya yi makarantar allo yana da wani jari da yawancin masu tara kuɗi a Turai ba su da shi, kuma asara ce ya bar shi ya tafi yana fama da Latin. Yawancin dirhamin Banu Umayya da na Abbasiyawa rubutu ne zalla, babu hoton kowa. A shekara ta 77 bayan Hijira Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya fitar da dinari marar hoto mai nauyin giram 4.25, wato miskalin da magabatanmu suka sani wajen awon zinariya, sannan dirhamin azurfa ya biyo baya da nauyin kusan giram 2.9. A tsakiyar fuskar dirhamin Banu Umayya akwai kalmar tauhidi, a bayansa akwai lafazin Ƙulhuwallahu, a da'irar gefe kuma an rubuta sunan garin da aka buga shi da shekarar, da kalmomi cikakku ba da alƙaluma ba. Na farko da na mallaka na Wasiɗ ne, garin da Hajjaju ɗan Yusuf ya gina a Iraƙi, na shekara ta 95. Na kwana biyu ina juya shi a ƙarƙashin fitila kafin in iya fitar da shekarar, saboda rubutun Kufi na wancan lokaci ba shi da ɗigo, har tis'in da sab'in sukan yi kama a idon baƙo. Tunda akwai ayoyi a jiki, ni ba na ajiye su inda za a wulaƙanta su.

Game da jabu kuwa, kafin ka sayi ko da sulai ɗaya ka nemi ƙaramin sikeli irin na masu sayar da gwal, mai auna har kashi ɗaya cikin ɗari na giram, da gilashin ƙara girman abu. Kuɗin dā bugawa ake yi: a ɗora ƙarfen tsakanin hatimi biyu a doke shi da guduma, shi ya sa da wuya ka ga biyu da suka zo daidai ta kowace fuska. Jabu mai araha kuwa zubi ne, kuma zubi yana barin wani siririn layi a gefe inda ɓarin kwano biyu suka haɗu, da ƙananan ramuka kamar na fuskar masa, haruffan kuma su fito a dakushe. Na taɓa sayen dirhami daga wani mai talla a intanet, ya iso da kyan gani, amma bayan mako biyu na ga mutumin ya sake tallar wani mai tabo da lanƙwasa iri ɗaya sak da nawa. Kuɗina dai ba su dawo ba.

'Yar Zazzau:

Yayyena sun yi bayanin saye, ni zan yi magana a kan abin da ke biyo bayansa. Kada ka wanke su. Na goge tagullata ta farko da lemun tsami da toka kamar yadda muke yi wa tasa, ta fito ja wur tana ƙyalli, ashe koren rufin da na kankare shi ne ya kare ta ƙarnoni, kuma shi masu saye ke biya dominsa. Koren da ake tsoro shi ne mai haske mai kama da gari, wanda ke fita idan an taɓa shi da tsinke. Wannan ciwon tagulla ne, laima ke tayar da shi, don haka da damina ka riƙa dubawa, ka ware wadda ta kamu. Ka sa kowace a ambulan ɗin takarda, ka rubuta nauyinta da wurin saye da ranar, ka guji leda mai laushi domin tana ɓata ƙarfe.

Sannan akwai doka. Masar ta haramta cinikin kayan tarihi tun 1983, Turkiyya ma ba ta yarda a fita da su ba, saboda haka idan tafiya ta kai ka can kada ka saya a hannun mai talla. Ka tsaya ga dillalin da ke ba da rasit, yana faɗin inda kuɗin suka fito, ya kuma yarda ya karɓi kayansa idan suka tabbata jabu ne.

Sabon-shiga:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Kash, da na ga bayanin Yaya da wuri, domin na riga na goge anini uku na Kaka da toka a makon jiya, amma sauran zan bar su yadda suke. Na yanke shawarar farawa da dirhamin Wasiɗ, tunda ina iya karatun Larabci gwargwado, kuma gobe in Allah Ya kai mu zan shiga layin masu gwal in nemi sikelin.