Asfaragus giram 500, kofi nawa ke nan?

Amaryar Bana: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a taimaka min. Maigida ne ya gayyato abokan aikinsa cin abinci gobe da daddare, bai faɗa min ba sai ɗazu, kuma har da matar shugabansu, wadda ba ta ɗanɗana abu ta yi shiru. Ƙanwarsa da ta ce za ta zo taya ni ta kira wai jikinta ba daɗi, alhali ga ta nan a Facebook tana ɗora hotuna. Girkin da zan yi an rubuta ɗanyen asfaragus (kayan lambun nan kore mai kama da siraran sanduna) giram 500, sikelina kuma ya mutu. Kofi nawa zan auna?

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinki, ƙanwata. Kofi ɗaya na ɗanyen asfaragus yankakke giram 134 ne. Raba 500 da 134, kofi huɗu ke nan saura kwata. Ki yanka gajeru daidai da juna, kada ki danna shi a kofin.

Maman Biyu: Anya Hajiya? Ni a inda na duba giram 180 ne kofi, ko uku ma bai cika ba.

Hajiya Babba: Wannan na dafaffe ne. In ya sha wuta yana laushi ya kwanta, kofi ya ɗauki da yawa. Ita ɗanye ta ce. A riƙa karanta tambaya kafin a amsa.

Uwar Ɗaki: Maganar sikeli ta taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Maƙwabciyata ta ari nawa, ya dawo murfin batir a fashe, da na yi magana ni ce na zama mai ƙorafi. Yanzu ko cokali ba na bayarwa.

Anti Mai Girki: Ki bar kofi, ki ƙirga sanda. Matsakaiciya ɗaya wajen giram 16 ce, 31 sun ishe ki.

Hajiya Babba: In sirara ne fa? Siririya giram 12, mai kauri 20. Tsakanin 25 da 42 ke nan, wace ƙirga ce wannan? Amarya, wane kofi ne a hannunki? Na awon Amurka kusan mililita 240 yake ci, na Ostareliya 250. Kuma 500 ɗin nan kafin a karye gindin ne ko bayan an karye? Gindin nan mai tauri nauyi ne da shi sosai.

Amaryar Bana: Kofin shayina ne Hajiya, da shi nake auna komai kuma girkina bai taɓa ɓaci ba. Gindin kuwa ni ba na zubarwa, asara ce.

Maman Biyu: To baƙinki za su tauna zare. Ko ferewa ki yi.

Amaryar Bana: Maigida bai taɓa kokawa ba. Ni fa lamba kawai nake so, ga mai cewa uku, ga mai cewa huɗu, ga mai cewa in ƙirga.

Uwar Ɗaki: Ki ari sikeli a maƙwabta mana, ai su sun iya aro.

Hajiya Babba: Lamba na ba ki tun farko. Wanda kika sayo ɗin, babu nauyi a rubuce jikin ledar?

Amaryar Bana: Na yar da ledar. Zan dai zuba uku da nawa kofin, ai babba ne.

Hajiya Babba: Babba kamar mililita nawa?