Idan hoton tauraron ɗan adam na sayarwa ne, me ya rage wa ƙawance?

Sabo Tela:
Assalamu alaikum. Wani abu ke ci mini tuwo a ƙwarya tun Fabrairun 2022, lokacin da na ga hoton jerin gwanon motocin yaƙin Rasha, kusan kilomita 64, sun nufi Kyiv, babban birnin Ukraine. Kamfanin Maxar na Amurka ne ya ɗauko shi daga sama, ni kuwa ina kan keken ɗinki na gan shi a waya. To idan tela zai ga abin da a da sai shugaban ƙasa ake nuna wa, me Birtaniya da Kanada da Ostireliya da New Zealand ke nema har yanzu a gindin Amurka, a ƙawancen nan nasu na musayar bayanan sirri da ake kira Five Eyes?

Injiniya Bala:
Wa alaikumus salam, Malam Sabo. Hoto ɗan ƙaramin ɓangare ne na aikin. Tun yarjejeniyar 1946 a kan satar sauraron saƙonni aka gina ƙawancen, kuma taurarin da ke wannan sauraro ba a kai su kasuwa. Sannan duk abin da tauraro ya kwaso sai ya sauke shi ƙasa. Shi ya sa ake da tasha a Pine Gap, can tsakiyar hamadar Ostireliya, da wata a Menwith Hill a Ingila. Su ba da fili, Amurka ta ba su labari.

Maman Ilham:
Kuma kada sunan kamfani ya ruɗe ka, Malam. A Maris 2025, bayan sa-in-sar Trump da Zelensky, Amurka ta dakatar da ba Ukraine bayanan sirri, har hotunan Maxar da ke bi ta hannun gwamnati aka toshe. Sai da jami'an Amurka da na Ukraine suka zauna a Jidda aka buɗe. Na tuna a 2022 da 'yan Ukraine suka yi karo-karo suka sayi tauraron radar na kamfanin ICEYE na Finland, mai gani cikin dare da hadari, dariya na yi musu. Yanzu kam na daina.

Ɗan Damagaram:
Mu a Nijar mun gani da idonmu. Sojojin Amurka sun bar sansanin Agadez a 2024, suka tafi da jiragensu marasa matuƙa. A watan Satumban shekarar, mu da Mali da Burkina Faso muka ƙulla yarjejeniyar taurari da Glavkosmos, kamfanin harkokin sararin samaniya na Rasha. Ni dai abin da nake tambaya, makullin a aljihun wa zai zauna?

Sabo Tela:
Injiniya, amsa masa don Allah. Ni ma nan na maƙale.